Ranar da Na Sa Wan Surukina a Layin Mamata

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a da Asabar ɗin da ta biyo bayanta ba. Ko na so in manta, akwai mutane a Kankara da Faskari da Sabuwa da suka ɗauki tuna min a matsayin aikin lada.

Ina da ɗan shago a Kankara inda nake buga takardu, ina gyara hotuna, ina haɗa katin biki da kalandar amare. A saman ƙofar an rubuta "Ƙwararre a Fannin Kwamfuta" da manyan baƙaƙe. (Ni na ba mai fentin kalmomin da bakina, babu wanda ya sa min wuƙa a wuya.) Kwamfutar da ke ɗauke da wannan ƙwarewa kuwa tsohuwa ce, kwance na saye ta tun ina gwauro, fankarta na ƙara kamar injin markaɗe. Katin biki dai tana yin sa lafiya lau. Ban taɓa ɗora mata abin da ya wuce haka ba, don haka ban san iyakarta ba, ban kuma san tawa ba.

Surukina, mahaifin matata Hadiza, Alhaji muke ce masa, yana noma da sayar da hatsi a Yankara. Kun dai san yadda mutum yake da surukinsa a wajenmu. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, in ya shigo in miƙe, in zan gaishe shi in durƙusa. Shekara shida da aurenmu, amma in aka tara duk maganar da na taɓa yi masa ba za ta cika shafi guda ba, kuma rabinta "to, Baba" ce.

Alhaji yana da wa, Baba Sale, wanda ke zaune a gidansu na gado a Sabuwa. Shekara tara ba sa ga-maciji da juna saboda iyakar wata gona. 'Yan'uwa suka yi ta kai da komo har Baba Sale ya yarda a yi taron zumunci a gidansa, duk zuri'a su hallara. Kowa ya san taron suna ne kawai. Abin da ake nema shi ne tsofaffin nan biyu su miƙa wa juna hannu tun suna da rai, kuma kowa ya san in aka rasa wannan dama da wuya a sake samun wata, domin Baba Sale ba ya yarda da abu sau biyu.

Saura mako uku taron, Alhaji ya zo shagona da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye min leda cike da hotuna. Ƙatuwar fosta yake so, irin ta leda da 'yan siyasa ke ratayewa, mai faɗin ƙafa goma sha biyu, da hoton kowa na zuri'arsu, mutum saba'in da huɗu. Ita ce tsarabar da zai kai wa wansa.

Ya ce, "Malam, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ka jera su sama, baƙi da hwari, yadda aka saba. Masu rai ƙasa, da kalarsu. Amma Yaya ka kai shi sama kusa da mahaihinmu, don shi ne ubanmu yanzu. Shi kaɗai zai zama mai kala a layin. Kuma nashi ka hito mani da shi sosai, ya hi na kowa. Za ka iya?"

Amsar gaskiya ita ce ban sani ba. Na ce, "To, Baba."

Hoton Baba Sale ba ya cikin ledar. Guda ɗaya ne mai kyau a duniya, yana rataye a ɗakinsa, ya sha shuɗiyar riga da jar dara. Sai da ya tafi ta'aziyya ta kwana biyu sannan uwargidansa ta ciro shi a ɓoye ta ba direba ya kawo min, da sharaɗin ya koma washegari kafin mai shi ya dawo. Na ɗora shi a sikana, injin da ke kwafar hoto zuwa kwamfuta, na tuna an ce ya fi na kowa, sai na murɗa ƙarfin ɗaukar har ƙarshe, lambar da ban taɓa kaiwa ba. Sikana ta yi kusan rabin awa tana gurnani a kan hoto guda. Ni kuwa ina jin daɗi, a zatona girmama dattijo nake yi. Na mayar wa direba hoton, fayil ɗin kuma ko buɗe shi ban yi ba.

Sauran aikin na yi ta jan ƙafa (yau katin biki, gobe ciwon kai, jibi kallon ƙwallo) har ranar Alhamis na jera mutum saba'in da uku, kowa a fallensa. Na lura kwamfutar ta fara nishi, in na matsa hoto sai ta yi tunani kafin ta bi. Na ce gajiya ce. Na bar na Baba Sale sai da safe, wai in sa shi da sabon ƙarfi.

Ranar Juma'a ƙarfe takwas Alhaji ya iso da motar da ya ɗauko shata. A Funtua ake buga irin wannan fosta, kuma yana son ya samu Juma'a a can, a buga, ya wuce Sabuwa da sauran rana, tunda hanyar ba ta biyuwa in yamma ta yi. Ya ce sha ɗaya da rabi zai tashi. Na yi zaton zai je ya gaisa da mutane a cikin gari ya dawo. Sai ya jawo benci ya zauna a bayana daidai, ya ciro carbi.

Duk wanda ya taɓa aiki surukinsa na kallon ƙeyarsa ya san abin da nake nufi. Yatsuna suka zama kamar na aro.

Na buɗe fostar, ta ɗauki minti bakwai kafin ta bayyana. Na jawo hoton Baba Sale na saki a gurbinsa. Ɗan zoben nan na jira ya fara juyawa. Fanka ta ɗaga murya. Zobe ya yi ta juyawa har na fara ƙirga bugun carbin Alhaji. Can sai ga ɗan akwati ya fito tsakiyar allo da jar alama, da Turancinsa gajere: ba za ta iya ba, memori bai isa ba.

Alhaji ya ce, "Mi ta ce?"

A nan ne ya kamata in zama mutum. Na ce, "Cewa ta yi a ɗan jira, Baba, tana shiryawa."

Na rufe akwatin na sake gwadawa, ya dawo. Na kashe kwamfutar gaba ɗaya na kunna, domin wannan ne maganin da na sani na kowace cuta. Minti goma ta tafi a tashi, bakwai a buɗe fosta. Na jawo hoton. Akwati.

Sai ƙwarewata ta motsa. Na ce tunda memori ne bai isa ba, ai kaya ne suka yi mata yawa. Na shiga share-share ba ji ba gani. Bidiyon bukukuwan mutane na shekara uku, finafinan da nake kallo in babu ciniki, hotunan sunan 'yata Ummi, da wata jaka da sikana ke zuba kwafin duk abin da ta ɗauka, duk na tura kwandon shara, na kuma zazzage kwandon don kada a ce ban yi aiki ba. Na gyara zama, na jawo hoton Baba Sale da ƙarfin gwiwa.

Akwatin ya fito, ko harafi ɗaya bai canja ba.

"Yanzu kuma mi ta ce?"

"Ta ce saura kaɗan, Baba."

Alhaji ya gyaɗa kai. "Ikon Allah. Abin da ladabi kau."

Ƙarfe goma saura. Zufa ta jiƙa min riga har tana manne wa kujera. Na ce bari in duba janareta (janaretan da ke aiki lafiya, kowa na jin sa), na zagaya bayan shago na kira abokina Nura, wanda ke gyaran kwamfuta a Funtua. Na zayyana masa komai ina raɗa.

Ya ce, "Kai, wa ya ce ka goge kaya? Memori iri biyu ce. Akwai rumbu inda kake ajiya, akwai tabarmar da kake baza hatsi in za ka yi aiki. Kai tabarmarka ce ƙarama, ka tahi kana kwashe rumbu. Nawa ne nauyin hoton?"

Na gaya masa. Ya fashe da dariya, ya ce, "Hoton mutum guda? Ko dai duk garin Sabuwa ka ɗauka?"

"Nura, surukina na zaune a ciki."

Ya daina dariya. Ya ce in rufe duk wata manhaja, in shiga saitin ta gyaran hoto in ƙara mata kason memori, in rage yawan matakan baya da take riƙewa, sannan in rufe fostar in buɗe hoton shi kaɗai in rage girmansa. In ya ƙi, in sake ɗaukar hoton da ƙaramin ƙarfi. Na ce hoton yana bangon mai shi a Sabuwa.

Ya ce, "To mi ye na wahala? Ba Funtua Alhajin za shi ba? Zuba komai a filas ɗin kwamfuta ka biyo shi, in yi maka a tawa. Minti biyar ne."

Ga hanya Allah ya kawo, shimfiɗaɗɗiya. Abin da take bukata kawai in koma ciki in ce, "Baba, kwamfutata ta gaza, kuma ƙarya na yi maka sau biyu," sannan in zauna kusa da shi a mota har Funtua. Na auna wannan, na ce wa Nura zan kira shi.

Na koma na bi matakansa ɗaya bayan ɗaya. Hoton ya buɗe shi kaɗai, da ƙyar, layi-layi daga sama, dara tukuna, sannan goshi, sannan idanun Baba Sale suna kallona kamar ya san abin da ake ciki. Na ce a rage girma. Akwati. Na ce a yanke gefe. Akwati. Sha ɗaya ta buga. Alhaji ya duba agogo ya ci gaba da jan carbinsa, ni kuwa da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Direban ya leƙo ya koma.

Sai na tuna wani abu da na taɓa ji, cewa hoto mai kala ya ninka marar kala nauyi sau uku. Na ce bari in cire kalar na ɗan lokaci, in ga ko za ta numfasa, daga baya in san yadda zan yi. Na danna. Zobe ya juya, ya juya, sai ga Baba Sale ya koma baƙi da fari. Babu akwati! Na ce a rage girma, ta rage nan take. Daɗi ya kama ni, kuma hannuna ya yi abin da ɗaukewar wuta ta koya masa shekara da shekaru: ya danna adanawa. A kan fayil ɗin asali. Na rufe shi don in sama wa fosta wuri, na buɗe fosta, na jawo hoton, ya zauna daram kusa da mahaifinsu.

Sai a lokacin hankalina ya dawo jikina. Na koma neman mai kalar. Na asali na danne shi da hannuna. Kwafinsa yana cikin jakar sikana, wadda na share da ƙarfe tara ina jin kaina gwani. Garin neman gira na rasa ido.

Na dubi layin sama. Kakanni, mahaifinsu, mahaifiyarsu, ƙannensu biyu da suka rasu, duk baƙi da fari. A tsakiyarsu ga Baba Sale, mai rai da lafiya, wanda gobe za a yi taro a gidansa, ya saje da su tsaf.

Sha ɗaya da minti ashirin. Alhaji ya miƙe ya matso. Fosta mai ƙafa goma sha biyu a allon da bai wuce taƙi biyu ba, kowace fuska kamar ƙwayar wake, shi kuma bai zo da tabarau ba.

"Masha Allahu. Yaya shina nan?"

"Yana nan, Baba."

"Kusa da mahaihinmu?"

"Kusa da shi, Baba."

Duk gaskiya ce, kun gani. Na zuba a filas, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya sa min albarka har sau uku, kowace ɗaya tana sauka a kaina kamar dutse. Ya ce zai sa a naɗe ta daga wurin bugawa, ba mai gani sai gobe a gaban Yaya, har shi kansa.

Ina da lambar Alhaji a wayata, ban taɓa kiran ta ba. Ranar na buɗe ta ya fi sau ashirin ina kallo. Da na kira Nura ya tare shi a wurin bugawa, wataƙila da an shafa wa hoton kala ko ta ƙarya ce. Wannan dabara ta zo min ne washegari, bayan mun yi nisa a hanya.

Da safe muka shiga motar haya ni da Hadiza da Ummi. Tun daga Kankara take tambaya ko ba ni da lafiya, ina cewa mura ce. Sai da muka wuce Dandume na kai bakina kunnenta na faɗa mata. Na yi tsammanin faɗa. Ba ta yi ba. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," da ƙarfin da ya sa direba ya taka birki.

Da mota ta ci gaba ta ce a hankali, "Baban Ummi, ka san abin da ya raba su?"

"Gona."

"Gona an daɗe da raba ta. Magana ce. Ranar da suka yi rigimar, Baba ya ce mashi a gaban mutane, 'Daga yau ba ni da wa, a wurina ka mutu.' Ita ce Baba Sale ya kasa haɗiyewa shekara tara."

Na roƙe ta ta kira mahaifinta ta gaya masa. Ta gwada, babu sabis. Ta dube ni ta ce ko da akwai, wanda ya ɗaura shi zai kwance. Na shiga addu'ar Allah ya sa injin bugawa ya lalace jiya, ko a manta fostar a mota, ko ruwa ya sauko. Sama kuwa tas, ko gajimare babu.

Muka iske ƙofar gidan cike. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, maza sun fi ɗari, mata na ciki suna leƙe ta zaure. Baba Sale na zaune a kujera a tsakiya, dogo, siriri, fuskar nan ba annuri. Alhaji na can gefe guda, tsakaninsu tabarma biyu babu kowa. An ce tun jiya gaisuwar baki kawai suka yi. A jikin bango kuwa ga abata nan a naɗe, an ɗaure ta da igiya a kan ƙusoshi, tana jira.

Na rarrafa wurin Alhaji na durƙusa. Na tattaro duk ƙarfin halin da na gada na ce, "Baba, akwai wata 'yar magana."

Ya dafa kafaɗata ya juya ga dattawan da ke kusa. "Ga shi nan, shi ya yi aikin. Awa ukku shina hwama jiya, zuhwa har ƙasa. Injin na yi mashi magana da Turanci shina ba shi amsa." Dattawa suka yi ta "Allah shi yi albarka." Ya juyo. "Mi kake cewa, Malam?"

Na ce, "Cewa na yi an zo lafiya, Baba."

Aka yi addu'a. Alhaji ya miƙe, ya ce shi ba mai iya magana ba ne, amma ya zo wa Yaya da abin da zai nuna matsayin da ya ajiye shi a zuciyarsa. (Ku ji fa. Matsayin da ya ajiye shi.) Ya ce a kwance igiya.

Fostar ta warware har ƙasa. Gaskiya ta yi kyau, wannan ko maƙiyina zai faɗa. Aka ɗauki kabbara, yara na nuna kansu, mata na guɗa daga zaure. Na ɗan lokaci har na fara sa ran ba wanda zai lura. Sai hayaniyar ta fara mutuwa daga gaba, tana bin layi zuwa baya, har wurin ya yi tsit, ana jin kukan akuya daga bayan gida.

Baba Sale ya tashi da sandarsa. Ya taka har gaban fostar, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon layin sama. Ya kai bakin sandar kan mahaifinsu, kan mahaifiyarsu, sannan kan kansa. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Ashe maganar tana nan. Na ɗauka ka zo ka janye ta ne. Ashe zuwa ka yi ka buga ta da girma, ka rataya mani a ƙohwar gida."

Alhaji ya laluba aljihu ya sa tabarau. Na ga lokacin da ya gani. Bakinsa ya buɗe, ya ce, "Yaya, wallahi..." sai maganar ta tsaya. 'Ya'yan Baba Sale suka fara miƙewa. Wani daga baya ya ce a sauke ta a ƙone. Wani ya ce dama ya faɗa. Baba Sale ya juya ya nufi zaure, kuma duk wanda ke wurin ya san in ya shige shi ke nan.

Alhaji bai dube ni ba. Wannan ne abin da ya karya ni. Ya san ni na yi aikin, kalma ɗaya zai faɗa ya tsira, amma ya tsaya zai ɗauki abin a kansa don kada ya tozarta mijin 'yarsa a cikin mutane.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji dai wata murya mai kama da ta ɗan akuya tana cewa, "Baba! Baba, ni ne! Wallahi ni ne!" Na tsallake tabarmi na zube a gabansa a bakin zaure, hulata ta faɗi, ban ko ɗauka ba.

Ya dube ni daga sama. "Kai wane ne?"

"Mijin Hadiza ne, Baba. Mai kwamfuta."

Sai na fara bayani. Jama'a, ban taɓa sanin tsawon minti biyar ba sai ranar. Ina durƙushe a gaban mutum ɗari, ga surukina a tsaye, ga surukata a bayan labulen zaure, ina yi wa dattijo ɗan shekara saba'in da wani abu bayanin memori. Na kawo rumbu, na kawo tabarma, na rikice na ce rumbun ne ƙarami, na dawo na gyara. Na faɗi yadda akwati ya fito, da yadda na ce wa Alhaji wai cewa ta yi a jira. Na faɗi share-sharen da na yi, da janaretan da na je dubawa alhali lafiyarsa ƙalau, da hanyar da Nura ya ba ni na ƙi bi. Na ce Alhaji cewa ya yi a sa shi da kala, shi kaɗai a layin, kuma bai ga fostar ba sai yanzu tare da kowa. Ina yi ina share majina da hannun riga.

Baba Sale ya saurara har na ƙare. Ya ce, "Mutum saba'in da ukku injin ya ɗauka. Don mi nawa ne ya hi ƙarhinshi?"

"Nauyi ya yi, Baba. Ya fi na sauran duka in an haɗa."

"Wa ya sa mashi nauyin?"

"Ni ne, Baba. Alhaji ya ce naka ya fi na kowa fitowa, shi ne na ƙure injin."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙanensa, karo na farko tun da muka zo. Alhaji na tsaye, tabarau a hannu, hawaye na bin gemunsa. Baba Sale ya sake dubana, ya daɗe, irin kallon da ake yi wa buhun da ake shakkar abin da ke ciki.

Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Ku zauna. Na yarda da yaron nan. Na san ƙanena, shina da wayo. In da shi ya shirya ƙarya, da ta hi wannan tsari. Irin wannan wautar ba a ƙirƙirar ta, sai dai a haihi mutum da ita."

Wani ya fara dariya a baya, ya danne. Wani ya kasa dannewa. Kafin ka ce me, rumfar nan gaba ɗaya ta ɗauka, har matan zaure, kuma na rantse na ji muryar Hadiza a ciki. Ni dai ina durƙushe ina addu'ar ƙasa ta tsage.

Aka tambayi Baba Sale ko a sauke fostar. Ya ce a bar ta. Ya koma ya tsaya a gabanta, ya yi wa Alhaji alama da hannu ya matso. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon layin sama.

Ya ce, "Yaron bai yi ƙarya ba, gaggawa kawai ya yi. Can za ni, kai ma kana tahe. In muka iske waɗannan ba mu shirya ba, mi za mu ce masu?"

Alhaji ya durƙusa a gaban wansa, da girmansa da furfurarsa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Abin da suka faɗa wa juna ban ji ba, domin a lokacin na samu na ja jiki na ɓuya a bayan motar wani, kuma a can na yini. Abinci ma a can Hadiza ta aiko min.

Yanzu duk taron dangi da na je, ba a tambayar sunana. Da na yi sallama za ka ji an ce, "A'a, ga wanda ya kashe Baba Sale." Shi kansa Baba Salen in na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Lahiya lau, har yanzu dai ina nan, ka yi haƙuri." Alhaji kuwa bai taɓa tayar min da maganar ba, ko sau ɗaya, wanda ya fi duk tsokanar ciwo.

Na ƙara wa kwamfutar memori, na kuma koyi rage hoto tun daga sikana. Amma ba wannan ne darasin ba. Abin da ke ci min rai har yau shi ne, a cikin shagon nan mu biyu ne muka gaza, ni da tsohuwar kwamfutata. Ita ta dubi surukina ido da ido ta ce ba za ta iya ba, har sau shida, babu ko kunya. Ni da nake da baki da hankali na tsaya ina yi mata tafinta. Tun daga ranar, in abu ya fi ƙarfina nakan faɗa tun muna mu biyu a ɗaki, domin na gwada ɗaya hanyar, kuma na ga mutum nawa take tarawa.